Malam Rabe da Turancin Ɗoyi

Malam Rabe ya zo Kaduna a farkon shekarar 1970, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, shi da matarsa Kaltume da wani tsohon keke da ya ƙi rabuwa da shi. Mutumin ƙasar Katsina ne, daga wani ƙauye a gefen Kankiya, kuma ya riga ya yi shekara goma sha shida yana aikin duba-gari a can kafin a yi masa canji. Shekarunsa arba'in da 'yan kai. 'Ya'yansu mata biyu duk suna ɗakunan mazajensu a gida, don haka su biyu rak suka kama ciki da falo a wani gidan haya a Hayin Banki.

Aikin nasa ba wanda ake marmarin gani ba ne. Da safe ya sa kaki, ya rataya jaka, ya ɗaure dogon ludayinsa na ƙarfe a bayan keke, ya bi gida-gida daga Hayin Banki zuwa Kawo, wata ran har Unguwar Dosa. Ya leƙa randa ya ɗebo ruwa ya duba ko da 'ya'yan sauro, ya leƙa masai, ya bi makwararar wanka ya ga inda ta nufa. Tun yana bakin layi labarinsa ke riga shi shiga gidaje, sai ka ji ana ta kifar da tukwane ana shara da gaggawa. Ana gaishe shi da ladabi, amma ba a cewa ya zauna. Goron da ake cusa masa a aljihu don ya kau da kai yakan ciro ya ajiye a kan dakali, ya ce Allah ya amfana, ya wuce. Wannan ma bai ƙara masa farin jini ba, domin mutane sun fi sakin jiki da wanda ake iya lallashi.

Abin da ba a sani ba shi ne, Rabe mutum ne mai tsananin ƙyanƙyami tun yana ƙarami. In ƙuda ya faɗa masa a kunu, ya haƙura da kunun ke nan. Aikin ma ba shi ya zaɓa ba. Da ya gama firamare aka ce ana neman masu tsabta a makarantar kiwon lafiya, hedimasta ya dubi farcensa ya rubuta sunansa. Shekara da shekaru hancinsa bai saba ba. In ya dawo gida a waje yake barin takalmi, ya shiga bayi da jan sabulu ya daɗe, Kaltume tana jiransa da abinci har ya huce.

A makonsa na biyu a Kaduna ya gamu da ramin. A ƙarshen unguwar akwai mayanka, inda mahauta ke kayar da shanu uku ko huɗu kullum, ban da awaki. An taɓa yi mata lambatu na siminti mai kai jini da ruwan wankin tumbi can nesa cikin fadama, amma kwalbatin ya rufta tun kafin yaƙi, ba a waiwaye shi ba. Sai ruwan ya nemi hanyarsa, ya gangara wani tsohon rami da aka haƙi ƙasar gini, ya kwanta. Jini a kai, kashin shanu a kai, sharar unguwa a kai, wani lokaci har mushen kare. Samansa ya yi wata fata kore-kore mai kumfa, in rana ta take sai ka ga tana motsi. Gidaje bakwai ne suka kewaye ramin, biyar daga cikinsu da rijiya.

Rabe ya tsaya a bakin ramin da hankici a hanci, ya sa aka kira masa babban mahautan, wani Sabo, Bakano mai jiki da sanyin magana. Sabo bai yi gardama ba. Ya ce su ma a nan suke wuni, su ma hanci gare su. Sun sha haɗa hannu su yashe lambatun, amma kwalbatin a ƙarƙashin hanyar gwamnati yake, ranar da suka sa masa diga aka zo aka kore su. Ya ƙara da cewa duba-gari uku aka yi kafin Rabe, kowannensu ya tsaya daidai inda yake tsaye ɗin nan.

Rabe ya koma ofis ya rubuta rahoto. Da Turanci ake rubutawa, nasa Turancin kuwa na aiki ne kawai, mai dogara sanda. Ya ce wurin "dirty" ne, akwai "bad smell", a taimaka a gyara kwalbati.

Shugabansa shi ne Malam Jibrin, Bazazzagi, wanda Rabe ya girme shi da kusan shekara goma. Ya yi karatu shekara biyu a Ingila. Ba ya wulaƙanta na ƙasa da shi, sai dai ba ya iya ganin Turanci ya karkace ya bar shi. Ya kira Rabe, ya ba shi kujera, ya ɗaga takardar da yatsu biyu.

"Malam Rabe, wannan takarda ba ta wari," in ji shi. "Rigar yaro ma 'dirty' ce. Wanda zai sa hannu a fitar da siminti yana can bene ƙarƙashin fanka, bai taɓa taka Hayin Banki ba. Sai takardarka ta toshe masa hanci zai motsa."

Rabe ya ce to, ranka ya daɗe. A hanyar komawa gida yana tuƙa keke yana tunani. Da a ce da Hausa zai rubuta, da an ji a jika. Ƙarnin jini daban yake, zarnin fitsari daban, hamamin bunsuru daban, ɗoyin mushe daban. Akwai abin da in ka gani tsigar jikinka ke tashi, akwai wanda ke sa yawu ya tsinke maka a baki tun ba ka ƙarasa ba. Ramin nan ya tara su duka. Amma Hausa ba ta hawa bene.

A gidan hayarsu akwai wani malamin makaranta mai suna Bello, da aka yi masa canji zuwa Funtuwa sai ya bar wa Rabe tsohon ƙamus marar bango. Daga nan aka fara. Bayan la'asar Rabe ya shimfiɗa tabarma gindin mangwaron tsakar gida, ya sa tabarau, ya buɗe ƙamus da wani ɗan littafi mai layi-layi. Wahalar ita ce ƙamus ɗin Turanci yake fassarawa da Turanci. In ya nemi kalma ɗaya sai ta aike shi wajen 'yar'uwarta, ita ma ta aike shi gaba, ya yi ta yawo kamar mai neman gida a baƙon gari. A haka ya tsinci "filthy", ya gane ƙazanta ce da ta wuce wanki ɗaya. Ya tsinci "foul", ya ga ta fi dacewa da ruwa da iska. Ya rubuta kowacce, ya sa ma'anarta da Hausa a gefe, ya yi ta maimaitawa a hankali don harshensa ya saba.

Kaltume tana tankaɗe a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, wai mi kake ta ƙunƙuni kai kaɗai?"

Ya bayyana mata. Ta yi dariya har ta ajiye rariya, ta ce ashe su ma Turawa suna jin ɗoyi, ita ta zaci hancin nasu dogo ne kawai na ado. Makonnin farko takan tambaye shi yau wace ya kamo. Da tafiya ta yi tafiya ta daina tambaya, daga baya ma ta roƙe shi ya riƙa rufe littafin kafin ta sauke tukunya.

Duk wata uku yake kai rahoton ramin. Cikin na biyu ya sa "filthy" da "foul", Malam Jibrin ya ce yauwa, an fara jin ƙamshin gaskiya. Shekara ta zagayo ya sa "putrid", wato abin da ya ruɓe har ya fara narkewa, ya sa "nauseating", abin da ke tayar da zuciya. Malam Jibrin ya ja layi ƙarƙashinta da jan biro, ya rubuta yabo a gefe. Ya sa "disgusting", abin ƙyama, ya sa "repulsive", abin da ke sa mutum ya ja da baya. Bai taɓa sa kalma don burga ba. Kafin ya yi amfani da ita sai ya je bakin ramin ya tsaya, ya faɗe ta a ransa, ya auna ko ta kai. Yawanci ba ta kaiwa.

Akwai waɗanda aka dawo masa da su. Ranar da ya rubuta "revolting", Malam Jibrin ya rufe ƙofa ya ce masa kalmar daidai take, amma tushenta ɗaya da tawaye, kuma soja ke mulki. Kada wani mai gaggawa ya karanta ya ɗauka bore ake shiryawa a Hayin Banki. Aka soke ta. "Abominable" kuma ya ce ta zunubi ce, ta masu wa'azi, ba ta shiga takardar gwamnati. Rabe ya so ya ce ai abin ya kai zunubi, sai ya haɗiye.

Sannu a hankali rahotanninsa suka yi suna a ofis. In an kawo sababbin ma'aikata, rahotannin nasa Malam Jibrin ke ba su su kwafa don su koyi rubutu. Safiya mai buga tafireta takan ce in ta ga rubutun Malam Rabe sai ta fara karya kumallo tukuna, don in ta buga shi ba za ta iya ba. Masinjoji suka laƙaba masa Malam Noshiya, daga kalmar nan "nauseating", suna faɗa a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa. Fayil ɗin ya yi kauri har aka canja masa igiya. Ya hau bene ya sauko, ya tsallaka wani ofis ya dawo da sabon hatimi. Kwalbati yana nan yadda yake.

Rabe ya daina cin nama a shekara ta biyu. Ba alwashi ya yi ba, kawai in ya ga tsoka a miya sai ramin ya faɗo masa a rai. Kaltume ta koma busasshen kifi da daddawa. Duk sallah Sabo yakan aiko da cinya, ba don cin hanci ba, don ya ce wannan duba-garin ko ba komai yana zuwa ya tsaya tare da su. Kaltume ta raba wa maƙwabta. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, hawan Kawo da keke ya zama sai ya sauka ya tura. Wani lokaci da hantsi yakan tsinci kansa zaune a kan dutse nesa kaɗan da ramin, littafi buɗe a cinya, bai rubuta komai ba, bai kuma san tun yaushe yake zaune ba.

Daga gidajen da ke bakin ramin akwai na Talatu mai waina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da tandarta take riƙe da kanta. Mace ce mai tsabta iyakar iyawarta: rijiyarta da murfi, ƙullunta a rufe da farin ƙyalle. Rabe ya sha gaya mata ta riƙa tafasa ruwan sha, takan ce to, amma itacen da za ta tafasa ruwan gida duka shi ne na suyar kwana biyu. A daminar 1974 'yarta Zuwaira ta zo wankan haihuwar fari. Cikin watan Agusta aka yi ruwa kwana uku a jere, ramin ya cika ya tumbatsa, ya bi lunguna ya shiga tsakar gidaje. Bayan mako guda amai da gudawa ya ɓulla. Mutum shida aka rasa a gidajen nan bakwai. Zuwaira ta kwanta ranar Talata, aka kai ta asibiti ranar Laraba, ba ta ga Alhamis ba. Jaririyarta tana da kwana ashirin.

Rabe ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Ba wanda ya ce masa komai, ya kuwa fi son a ce.

Wannan karon takarda ba ta ɓata lokaci ba. Kwana ɗaya ta yi ta sauko daga bene: a rufe rijiyoyin unguwar, a hana sayar da abinci har sai an ga hali. Shi aka ba wa ya aiwatar. Ya bi gida-gida da kafinta ana buga katako a bakin rijiyoyi, ya bar gidan Talatu a ƙarshe. Ya same ta ta koma sana'a bayan addu'ar bakwai, domin madarar gwangwani jaririyar ke sha yanzu. Ƙullu cike da roba, tanda a kan wuta, jikar a bayanta. Ya yi sallama, ya yi mata gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa.

"Malam," ta ce, "shekara huɗu ina ganinka kana tsayawa bakin ramin can da littafi. Me kake rubutawa?"

"Rahoto nake kai wa manya."

"Suna karantawa?"

"Suna karantawa."

"To, madalla."

Ta kama gefe ɗaya na robar, ta ce ya kama ɗayan, don ta yi masa nauyi shi kaɗai. Tare suka kai ta bayan gida suka tuttular.

Ranar bai buɗe ƙamus ba, washegari ma haka. Lokacin rahoto ya zo ya zauna gaban farar takarda har aka kira azahar. Duk kalmomin suna nan a littafinsa, sun kai arba'in, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga ba wadda bai riga ya kashe ba. Ya rufe littafin.

Ranar Litinin da sassafe ya karɓi wata kwalba mai faɗin baki a wajen Kaltume, ya ce ba za ta dawo ba. Ya je bakin ramin, ya zura ludayinsa ya cika ta, ya murɗa murfin, ya naɗe ta da tsohuwar jarida ya sa a jaka. Sabo yana tsaye yana kallonsa da wuƙa a hannu. Bai tambaye shi ba, ya dai ce Allah ya ba da sa'a.

Ya sami Malam Jibrin yana shan shayi, Safiya tana gefe tana jiran ya sa hannu a wasu takardu. Rabe ya gaishe shi, ya ce ya kawo rahoton wannan karo. Ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya warware jaridar, ya buɗe murfin.

Ofishin ƙarami ne, tagar a rufe saboda ruwan sama, fanka tana juyawa. Safiya ta fice da gudu da mayafi a hanci. Malam Jibrin ya miƙe har kujera ta faɗi. Duk Turancin Ingila ba wanda ya zo masa.

"A'uzu billahi! Tir, tir. Fitar da shi, fitar da shi."

Bai kai ƙofa ba ya durƙusa a kan kwandon shara, shayin ya dawo. Rabe ya rufe kwalbar ya kai waje, ya dawo ya buɗe taga, ya ɗebo ruwa a buta ya miƙa masa. A hanya ya zaci zai ji sanyi a ransa. Da ya ga mutumin a durƙushe yana share baki da hannun riga, masinjoji suna leƙe ta ƙofa, kunya ce kawai ta kama shi.

Da Malam Jibrin ya natsu ya sa aka rufe ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya jawo fayil ɗin ramin daga kabad, ya kwance igiyar, ya juya shi wajen Rabe ya ce ya karanta. Bayan kowane rahoto akwai takardar Malam Jibrin da kansa, yana roƙo, yana tunatarwa, sau biyu ma har da gargaɗin cewa za a rasa rayuka. Bayan kowacce kuma akwai amsa. Masu hanya sun ce kwalbatin na masu gari ne. Masu gari sun ce mayanka ta masu dabbobi ce. Masu dabbobi sun ce ruwa in ya bar mayanka ya zama na masu lafiya. Rabe ya bi shafukan da yatsa. Bai taɓa ganin bayan fayil ɗin ba.

"Ka zaci a aljihuna na ɓoye simintin?" in ji Malam Jibrin. "Ni ma rubutu nake yi, Malam Rabe. Nawa ya fi naka tsawo ne kawai."

Rabe ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in sa ta yi wari."

Malam Jibrin ya rufe fayil ɗin, ya mayar masa da igiyarsa. Daga baya ya ce haka ne, shi ya faɗa, a lokacin kuma ya yarda da abin da ya faɗa. Ya ce amma abin da ya faru yau ya faru a gaban mutane, labari zai hau bene kafin azahar, ba shi da yadda zai yi sai ya ba shi takardar tuhuma.

Safiya ce ta buga ta, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Layi biyar ce. A layi na uku an ce abin da ya aikata a ofis "disgusting" ne, bai dace da ma'aikacin gwamnati ba. Rabe ya karanta sau biyu. Ya ga an sa kalmar a muhallinta, ba abin da za a gyara. Ya rubuta amsa layi biyu, ya ce ya yi kuskure, a yi masa afuwa. Aka sa a fayil ɗinsa.

Abin da kwalbar ta jawo shi ne an turo mota ta zuba farar hodar magani a bakin ramin, buhu huɗu. Ruwan sama ya wanke ta cikin mako. Bayan wata biyu aka ce a buɗe rijiyoyi, domin tankar da aka yi alkawarin za ta riƙa kawo ruwa, sau uku kawai ta zo. Shi ya bi da kafinta aka ɓamɓare katakan. Ya ci gaba da kai rahoto duk wata uku don doka ce, sai dai yanzu layi ɗaya yake rubutawa, cewa ramin yana nan kamar yadda aka sani. Malam Jibrin yakan sa hannu ya tura, ba gyara ba yabo.

A 1975 aka yi canjin gwamnati, aka shiga sallamar ma'aikata. Kullum rediyo da jaridu da sunaye, kowa ya zo ofis da safe sai ya fara duban fuskar masinja. Aka ce a tattara duk wanda ke da tabo a fayil. Takardar sallamar Rabe ta zo cikin Nuwamba. Ta Malam Jibrin ta riga tasa da mako biyu, kan wani dalili da ba a bayyana ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya, ba su sake haɗuwa ba. Rabe ya mayar da kaki da ludayi, ya sa hannu, ya turo kekensa har gida. Da ya gaya wa Kaltume sai ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka. Shi ma da ya laluba ransa bai sami baƙin ciki sosai ba. Ya yi kwana uku yana barcin rana kamar mai jinya.

Kaltume ta so su koma gida nan take. Ya ce a bari a ga yadda maganar haƙƙinsa na barin aiki za ta kasance, ita kuwa maganar ta ja shekaru. Don kada ya zauna haka, ya sami tebur da benci kusa da tashar Kawo yana rubuta wa mutane wasiƙa. Direbobi da leburori da 'yan koli daga Kano da Zamfara su zauna su faɗa, ya rubuta: ana gaida mutan gida, ana lafiya, za a zo bayan sallah. Wasu kuma takardar koke suke so da Turanci, zuwa wani ofis. Irin waɗannan sukan ce ya sa mata Turanci mai zafi, wanda in an karanta za a ji tsoro. Yakan ce musu a faɗi abin da ya faru, da rana, da wuri, ya isa. In kuma suna da wanda suka sani a ofishin, su fara zuwa wajensa kafin su ɓata kuɗin kan sarki. Wasu sukan tashi su tafi wajen na gaba da shi, wani matashi mai sa manyan kalmomi. Bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Ramin kuwa an cike shi a 1977. An yanka filin wajen ne aka raba fuloti, aka tashi mahauta aka mai da su can wajen hanyar Mando. Tifa ta yi kwana uku tana juye jar ƙasa, katafila ta bi ta daddanne. Ranar ƙarshe Rabe ya biyo ta wurin a kan hanyarsa ta zuwa tasha, ya tsaya cikin 'yan kallo. Talatu tana ƙofar gidanta tana suya, jikar tana riƙe da gefen zanenta. Ta gaishe shi, ta tambayi Kaltume, ta naɗe masa waina huɗu a takarda. Ya karɓa ya yi godiya. Wani daga cikin masu kallon ya ce ai Malam ne ya yi ta rubutu har aka zo, Rabe ya ce a'a, ba shi ba ne, ya wuce.

Haƙƙin nasa ya fito a ƙarshen 1978, bai kai yadda aka zata ba. A lokacin gwiwoyin sun hana shi hawa keke sam, ya bar wa wani maƙwabci. Ƙanensa ya aiko cewa gonar mahaifinsu tana nan, rabinta ba a nomawa, ɗakin tsohuwarsu ma an yi masa sabon jinka. Kaltume ta daina roƙo, ta fara ɗaure kaya kawai, kullum ƙulli ɗaya, tana jerawa a bayan ƙofa inda zai gani. Da ƙullin ya kai tara ya ce to, bayan ƙaramar sallah.

Sun fita da hantsi. Motar Katsina ta ƙi cika, suka zauna a cikinta har aka yi azahar, ya sauka ya yi salla ya dawo. Kaltume ta sayi dafaffiyar gyaɗa tana ɓarewa tana ba shi, tana lissafa waɗanda za su fara zuwa gaisarwa in sun isa, da waɗanda suka rasu ba su je ta'aziyya ba. Ya roƙi wani fasinja ya bar masa bakin ƙofa don ya sami wurin miƙe ƙafa. Da la'asar ta kusa direba ya tayar da mota. Kafin su kai Jaji barci ya ɗauke shi.